Wace babbar mota salun ce ta dace da doguwar tafiya da dattijo?

"Assalamu alaikum. A Kano nake zaune, amma aiki yana yawan kai ni Abuja. Corolla nake hawa, ba ta taɓa ba ni matsala ba, sai dai ta yi mana kaɗan. Ni dogo ne, mahaifina kuma ya manyanta, yana fama da gwiwa da baya, kuma ni nake kai shi asibiti da ziyarar 'yan'uwa a Zariya da Kaduna. Ina son salun babba mai faɗi da laushi, ba jif ba, domin Baba ba ya iya hawa mota mai tudu. Abokai sun raba mini hankali: wannan ya ce Avalon, wancan ya ce Lexus ES 350, wani ya ce in ba Marsandi ba ban sayi mota ba. 'Yar Beljiyam zan saya, ba sabuwa ba. Wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan hidima. In na fahimce ka, abin da kake nema shi ne motar da dattijo mai ciwon gwiwa zai shiga ba da wahala ba, ya zauna awa uku ko biyar a gidan baya, ya sauka bai ji a jikinsa ba, kai ma ka samu wurin miƙe ƙafa a gaban sitiyari, sannan kuma kada gyaranta da shan manta su fi ƙarfin aljihunka. Aikina duba mota ne ga masu saye kafin su biya kuɗi, kuma irin tambayarka tana yawan zuwa, sai dai yawancin masu yin ta sunan mota suke tambaya, ba sa faɗin wanda za a ɗauka a cikinta. Kai ka faɗa, shi ya sa amsar taka ta fi sauƙin bayarwa.

Me ake nufi da babbar salun

Mafi yawan motocin da muke kira 'yan Beljiyam a wannan aji daga Amurka suke fitowa, kuma can hukumar kare muhalli ce take rarraba motoci aji-aji. Ba tsawon mota take aunawa ba. Faɗin cikin da fasinja ke zama take haɗawa da na but, in jimillar ta kai wajen lita 3,400 sai a sa motar a ajin manya. Saboda haka za ka ga abin mamaki: Honda Accord ta 2008 zuwa 2012, wadda ake kira Anakonda a nan Arewa, ta shiga ajin manya, alhali a ido mutane sa'ar Camry suke ɗaukarta. Wannan ya isa ya nuna maka cewa sunan aji ba shi ne zai gaya maka yadda Baba zai ji a kujerar baya ba.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne wannan aji yana ƙarewa a kasuwar da muke sayowa. Amurkawa sun koma jif. Ford ta daina Taurus a can a 2019, Chevrolet ta daina Impala a 2020, Toyota ta rufe Avalon a 2022, Chrysler 300 da Nissan Maxima suka bi baya a 2023. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne masu kyau a cikinsu suna raguwa kowace shekara, kuma wadda kayan gyaranta ba su riga sun cika kasuwanninmu ba, ba yanzu za su cika ba.

Inda laushin mota yake fitowa

Dattawan da suka hau Fijo 504 ta Kaduna har yau da ita suke auna kowace mota, kuma suna da gaskiya. Ba ta da kujerar lantarki, ba ta da allo a gaba, amma sifirin ɗinta yana da doguwar tafiya sama da ƙasa, tayarta tana da kauri, kujerarta tana da tsoka. Waɗannan ukun su ne asalin laushi har gobe.

Fara da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. In tana da tsawo, motar ba ta yawan sunkuyo da ɗagowa idan ta hau tudu ko ta faɗa rami, domin kafin tayar baya ta iso wurin ta gaba ta riga ta daidaita. A Camry ta 2007 zuwa 2017 tazarar santimita 277 da rabi ce, a Avalon ta 2005 zuwa 2018 santimita 282. A takarda bambancin ba shi da yawa, amma yawancinsa a gaban gwiwar mai zaman baya yake sauka. Sai dai tazarar kaɗai ba ta yanke hukunci. Marsandi E ta 2010 zuwa 2016 ta fi Avalon wannan tazara, wajen santimita 287, amma da tayar baya take ja, injinta a tsaye yake daga gaba zuwa baya, giyabos ya shigo cikin ɗaki, sandar da ke kai ƙarfi baya ta yi tudu a tsakiyar daɓen. Sakamakon haka wurin ƙafa a bayanta bai kai na Avalon ba, kuma wanda ya zauna a tsakiya sai ya raba ƙafafunsa.

Taya ita ce abin da masu saye suka fi raina wa, kuma ita ce ta fi saurin canja yadda mota ke ji a jiki. Dubi lambobin da ke jikinta. In ka ga 215/60 R16, kaurin gefen tayar ya kai kusan santimita 13. In 215/55 R17 ce, kusan 12. In 225/45 R18 ce, 10 ne kawai. Wannan gefen shi ne yake fara shanye duka kafin ya kai ga shokozoba. Dillali zai nuna maka babban rim yana cewa ai wannan ita ce cikakkiya, ya ɗora kuɗi a kai. Ga mai bin hanyar Zariya da Kaduna da dattijo a baya, babban rim ragi ne. Yana ƙara jijjiga, yana saurin lanƙwasa a rami, tayarsa ta fi tsada kuma ta fi saurin yin ƙulu a gefe. In ka samu mota biyu iri ɗaya, ɗauki mai rim 17, ko ma 16 in akwai.

Sai kujera, wadda ita ce zan fi daɗewa a kanta saboda Baba. Mutane suna danna kujera da hannu, in ta lotsa su ce tana da laushi. Kujerar da ta cika lotsawa daɗinta na rabin awar farko ne, bayan nan ƙugu ya nutse, baya ya lanƙwashe, ciwo ya taso. Abin dubawa shi ne tsawon mazaunin, ko yana tallafe cinya har kusa da bayan gwiwa, da kuma tsayinsa daga daɓe. In mazaunin ya yi ƙasa, gwiwa tana ɗagowa sama da ƙugu, nauyin jiki duka ya koma kan ƙashin mazaunai, kuma tashi daga irin wannan kujera azaba ce ga mai ciwon gwiwa. Motocin da aka ƙera daga wajen 2013 zuwa yau an zubo da rufinsu ta baya don kyan gani, sai aka saukar da kujerar baya ƙasa domin kai ya samu wuri. Bakin ƙofar baya ma ya rage tsayi. Masu ƙera su ba su yi lissafin mutum mai babbar riga da doguwar hula ba. Dattijon da sai ya cire hula ko ya duƙa sosai kafin ya shiga mota ba zai so motar ba, ko da bai faɗa maka ba. Rufi mai buɗewa shi ma yana cin 'yan santimita a saman kai, ga zafin rana da yake ƙarawa, ga yoyo idan magudanarsa ta toshe da ƙura. Ban ga amfaninsa gare ka ba.

Kada ka manta da sanyi. A watan Afrilu, motar da esinta bai kai baya ba ba ta da wani laushi da za a yi magana a kai. Ka tabbata akwai ƙofofin iska a bayan akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, ka kuma gwada su da rana tsaka, mota a tsaye inji yana aiki, ba da yamma tana gudu ba. Kujerar fata baƙa tana ɗaukar zafi ƙwarai, mai haske ta fi dacewa da mu.

Motocin da aka ambata maka

Avalon ita ce Toyota ta ƙera musamman domin irin buƙatarka. Daga 1994 zuwa 2022 aka yi ta a masana'antar Georgetown da ke jihar Kentucky ta Amurka, kuma manyan mutane masu doguwar tafiya aka nufa da ita. Wadda ta fi ba ni sha'awa a lamarinka ita ce ta 2005 zuwa 2012. Wurin ƙafa a bayanta ya kai wajen santimita 104, na Camry ta zamaninta kuwa wajen 97. Daɓen bayan kusan a shimfiɗe yake, rufin bai zubo ba, kuma majinginar kujerar baya tana kwantawa kaɗan, abin da ba kasafai ake samu ba sai a motocin da suka ninka ta kuɗi. Ga mai ciwon baya, damar canja zama a tsakiyar tafiya babban abu ne. Abin da aka biya da shi shi ne but: wajen lita 410 ne, bai ma kai na Camry ba, kuma kujerar ba ta ninkewa. In kana yawan ɗaukar keken guragu ko manyan akwatuna, sai ka gwada su a ciki kafin ciniki.

Injinta V6 ne mai lita 3.5, wanda ake kira 2GR, shi ne kuma a cikin Camry V6 da Sienna da Highlander da Lexus RX 350 da ES 350. Wannan yawan shi ne ƙarfinsa a wurinmu: babu bakaniken Toyota a Kano ko Kaduna ko Abuja da bai san shi ba, kayansa kuma suna nan a Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo. Sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, saboda haka babu zancen canja bel ɗin taimin. Yana da abubuwa biyu da aka san shi da su. Na farkon shekarunsa suna da wani bututun baƙin mai da wani sashensa roba ne, yana iya fashewa mai ya zube cikin mintuna. Kamfanin da kansa ya kira motocin ya canja shi, kuma akwai na ƙarfe zalla da ake sawa. Duk wadda za ka saya ta 2005 zuwa 2009, a duba wannan bututu. Na biyu famfon ruwa, wanda kan fara tsatsafo idan mota ta yi nisan tafiya. Ban da inji, dashbod ɗin waɗannan shekaru yana narkewa ya yi danƙo ko ya tsage a ƙasa mai zafi. Giyar 2005 zuwa 2007 biyar ce, daga 2008 ta koma shida. In da ni ne, ta 2011 ko 2012 zan nema, domin su ne ƙarshen zubin, an riga an gyara yawancin abin da aka gano.

Ta 2013 zuwa 2018 ta fi kyan gani, ta fi sauƙin mai, but ɗinta ya fi girma, wajen lita 450. Amma an taurara ƙafarta don a jawo matasa, har tsofaffin masu sayenta suka yi ƙorafi, kamfanin ya sassauta ta a 2016. Rufinta ya zubo, wurin ƙafa a baya ya ragu zuwa wajen santimita 100, kujerar ba ta kwantawa. In ita ranka ya fi so, nemi ta 2016 zuwa sama mai rim 17, ka kauce wa wadda aka rubuta wa Touring, domin ita aka bar wa taurin.

Lexus ES 350 kashi biyu ce, kuma nan ne ake yawan ruɗa masu saye. Ta 2007 zuwa 2012 a kan ginin Camry take. Tana da shiru, tana da laushi, kayan cikinta sun fi kyau, amma faɗin bayanta bai kai na Avalon ta zamaninta ba. Mai sayenta don faɗi ya biya kuɗin suna ne. Daga 2013 aka mayar da ita kan ginin Avalon, tazarar tayoyinta ta zama santimita 282, wurin ƙafa a baya ya ƙaru sosai, kuma ba a taurara ta kamar Avalon ta wannan shekarar ba. Inji ɗaya ne, giya ɗaya. Saboda haka in kuɗinka ya kai, ES 350 ta 2013 zuwa 2018 ita ce ta fi haɗa shiru da laushi da faɗi a cikin waɗanda za ka iya riƙewa ba tare da ciwon kai ba. Inda za ta cije ka shi ne kayan jiki: fitila, madubi, bamba, duk sun fi na Avalon tsada, kuma ɓarayin madubi sun san haka.

Marsandi kuwa, ba zan rage mata komai ba. A kan kwalta mai kyau, a gudun babbar hanya, zaman da E take yi a ƙasa daban ne, kujerun gabanta kuma suna cikin mafi kyau ga mai dogon tuƙi. Amma motar direba ce fiye da ta mai zaman baya, kuma yawancin E 350 da ke zuwa daga Amurka masu zubin wasanni ne, an saukar da su ƙasa an sa musu babban rim. Kamfanin ya ce a ba ta fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen mai. Wadda ke da faɗin da kake nema a gidan Marsandi ita ce S, ita kuma a kan balan-balan ɗin iska take tsaye maimakon sifirin ƙarfe. Laushinsa babu kamarsa, amma roba ce, zafi da ƙura da shekaru suna cin ta. Ranar da ta huje za ka tarar da mota ta durƙusa, famfon da ke hura ta ya yi ta aiki har ya ƙone. Mota mai shekara goma sha wani abu da irin wannan ƙafa, sai wanda ya ware kuɗin gyara daban kuma yake da bakanike na musamman. Haka lamarin Lexus LS 460 yake: daɗi iya daɗi, inji V8 mai lita 4.6, amma hannayen ƙafar gabanta suna da yawa, bushin ɗinsu ba ya jure gargada, kuma canja su gaba ɗaya kuɗi ne mai nauyi. Kai da kake ɗauke da mara lafiya, motar da za ta tsaya a Jaji ko Tafa a rasa mai taɓa ta ba taka ba ce.

Za ka ga Chrysler 300 da Impala da Taurus da Hyundai Azera da Kia Cadenza a wurin dillalai, sau da yawa da araha mai jan hankali. Wasunsu suna da faɗi ƙwarai, but ɗin Taurus da Impala ya fi na duk waɗanda muka ambata. Arahar tana da dalili: kaya sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas ko daga waje, kuma ranar sayarwa za ka daɗe kana jiran mai saye. Maxima kuma giyarta irin mai bel ce, wadda ba ta son zafi kuma masu gyaranta kaɗan ne. In an kawo maka Toyota Crown tsohuwa, ka lura da sitiyari: yawancinsu na Japan ne masu tuƙin dama da aka juya. Najeriya ta koma bin hannun dama tun 1972, kuma motar da aka yanke aka mayar da sitiyarinta ba na sa hannu a saye ta.

Shan mai da tsayin ƙasa

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan tambaya ta zama ta farko a bakin kowa, har manyan injina suka rage farin jini. Bisa awon Amurka, Avalon ta 2012 tana shan lita 8 zuwa 9 a kilomita 100 a babbar hanya, wajen lita 12 a cikin gari. Corolla mai inji 1.8 tana shan wajen 7 a hanya, 9 a gari. A cunkoson Kano da esi a kunne, ka ƙara a kan waɗannan duka. Abin lura shi ne a doguwar tafiya bambancin bai kai yadda ake tsoro ba, domin babban inji a giyar ƙarshe ba ya wahala. Kano zuwa Abuja da dawowa, tafiyar da ta haura kilomita 800, ƙarin da za ka yi a kan Corolla bai wuce lita goma sha biyar zuwa ashirin ba in ƙafarka ba ta da nauyi. A zirga-zirgar gari ne za ka ji shi kullum. Shi ya sa in da hali zan ce kada ka sayar da Corolla: ta ci gaba da kai yara makaranta da zuwa kasuwa, babbar ta tsaya wa hanya da hidimar Baba.

Akwai Avalon da ES masu haɗin fetur da batir daga 2013, inji mai silinda huɗu lita 2.5, suna shan wajen lita 6 a gari da hanya. Fasahar ta daɗe kuma ta tabbata. Sai dai batirin yana bayan kujerar baya, yana rage but, yana kuma shan iska ta wata fanka da ƙurar hunturu ke toshewa. Mota mai shekara goma da batirinta na asali, sai an sa ta a kwamfuta an ga lafiyar kowane sashe na batirin, kuma ka san wanda zai duba maka ita a garinku. Mai tunanin mayar da mota gas kuma ya tuna tukunyar a but take zama.

Duk waɗannan motoci gajeru ne, tsakaninsu da ƙasa wajen santimita 14 ne, kuma doguwar tazarar da ke ba su laushi ita ce ke sa cikinsu ya taɓa tudun rage gudu idan an cika su da mutane. In layinku yana cin ruwa da damina ko yana da kwazazzabai, ka yi wannan lissafi tun yanzu. Wasu suna sa roba a ɗaga sifirin. Ɗagawa kaɗan ba ta da laifi, amma in ta yi yawa tana lalata daidaiton ƙafa, ta cinye laushin da aka sayi motar dominsa.

Ranar dubawa

Duk abin da na faɗa a kan irin mota ne. Wadda ke gabanka a filin dillali kuwa, tarihinta ya fi sunanta muhimmanci, kuma wannan ba abin da zan iya yankewa daga nesa ba ne. Da yawa daga cikin motocin da ke shigowa an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Ɗauki lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, ka biya a binciko maka tarihinta a intanet. Sau da yawa har hotunan ranar gwanjo ana samu. Harafi na goma a lambar shi ne shekarar mota: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Wannan yana kare ka daga motar da aka canja wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Bugun gefe ko na baya da aka gyara da kyau ba ya hana saye. Wadda ruwa ya shanye kuwa ka bar ta ko nawa aka rage, domin wayoyinta za su yi ta ruɓewa a hankali. Ɗaga kafet, shinshina, dubi ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai alamar laka.

Kunna makulli ka tabbata fitilar jakar iska da ta inji sun kama sannan sun mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne. A sa mota a kwamfuta. A ɗaga ta a duba shokozoba ko yana yoyo, a duba bushin da robobin da ke riƙe inji. Mota mai laushin asali da matacciyar ƙafa ta fi Corolla ɗinka wahalar da mutum, kuma na sha ganin wanda ya ce wata mota ba ta da daɗi, da aka canja shokozoba huɗu da tayoyi ya dawo yana cewa kamar ba ita ba. Saboda haka ka ware wani abu daga kuɗin, kada ka zuba duka a ciniki. Tayoyin da mota ke zuwa da su sau da yawa sun tsufa. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu suna nuna mako da shekarar da aka yi su, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wasu ma na ƙasar ƙanƙara ne, ba sa jure kwaltarmu da rana. Kuma kada a cika musu iska fiye da abin da aka rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, domin masu faci sun saba wuce wannan adadi, iska mai yawa kuwa tana mayar da kowace mota keken shanu.

Takardun kwastan a tabbatar da su da lambar shasi kafin a biya. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na kan tudu, kuma kai mai bin hanyar Abuja ne, inda ake tsayarwa a duba. Farashi ban sa maka ba da gangan, domin yana bin dala da kuɗin fito, abin da na faɗa yau zai iya ɓatar da kai bayan wata guda. Zagaya wurare uku ko huɗu a mako guda ka ji bakinsu. Kada kuma ka raina wadda aka hau a nan gida in mai ita mutum ɗaya ne mai kula, ka san shi ka san bakanikensa. Sau da yawa ta fi 'yar Beljiyam da ba a san asalinta ba.

In ka saya, ka riƙe abu uku a wurin bakanike: kada a cire abin da ke daidaita zafin inji da sunan wai ƙasarmu da zafi, kada a zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, kuma man giya ya zama irin wanda kamfanin ya rubuta, wato WS, ba kowane jan mai ba. Baƙin mai kuma ka bi lambar da ke kan murfin inji.

Zaɓina a lamarinka shi ne Avalon ta 2011 ko 2012 in faɗin baya da sauƙin shiga ne kan gaba, ko ES 350 ta 2013 zuwa sama in kuɗin ya kai kuma kana son mota mai ƙarancin shekaru. Amma kafin ka biya, ka roƙi dillali ya bari a kai motar gida, ko ka ɗauko Baba in jikinsa ya yarda. Ka gyara kujerar direba daidai tsawonka tukuna, sannan ka zauna a bayanta da kanka ka ga abin da ya rage. Shi kuma ya shiga da irin kayan da ya saba sawa, ka lura da inda ya dafa, ko ya duƙa, ko sai da aka ɗaga masa ƙafa. Dattawa ba sa son ɗora wa 'ya'yansu nauyi, zai ce maka ta yi kyau ko da ba ta yi ba, don haka fitowarsa za ka kalla fiye da maganarsa. Ku bi hanya mai gargada na minti ashirin, rediyo a kashe. Wasu masu ciwon gwiwa gidan gaba ya fi musu, domin ƙofar ta fi faɗi kuma kujerar tana ɗagawa sama da lantarki. In haka ne, ka tabbata ta gefen fasinja ma tana hawa da sauka, ba gaba da baya kaɗai ba. Maganar ciwon bayan kansa ta likitansa ce, shi zai faɗa maka tsawon zaman da ya dace da kuma ko a sa masa matashi a ƙugu. Abin da na sani daga hanya shi ne ko a wace mota, tsayawa a Zariya ko Kaduna ya sauka ya taka na minti goma yana rage masa gajiya ƙwarai. Allah ya sa a saya a sa'a, ya tsare hanya.